GASHIN DABBA RIGAR GADO CE

Gaisuwa ta musamman ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Yelu, cikin ƙasar Gaya. Yau hirarmu a kan gashin dabbobi take.

Mutum yana sauya riga idan ɗari ya wuce. Dabba kuwa rigarta guda ce, wadda ta gada daga uwa da uba. Ku dubi tumakin Uda: gaba baƙi ko ja, baya fari. Ɗan da suka haifa haka yake fitowa. Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Can ƙarshen arewacin duniya, wajen Kanada da Rasha, teku kan daskare ya zama ƙanƙara. Akwai wata dabba a can, ana ce mata farin beyar. Namijin yakan wuce kilo 400. Kakanninsa masu gashin ƙasa-ƙasa ne. Amma a bisa farar ƙanƙara, mai hasken gashi shi ke laɓaɓowa ya kama nama ba a gan shi ba. Mai kaurin gashi shi ke jure sanyi. Su ne suka ƙoshi, suka rayu, suka haihu, ƴaƴansu suka gaje su. Sannu a hankali duk zuriyar ta zama fara. Yanzu ƙanƙarar tana raguwa saboda ɗumamar duniya, farauta tana yi masa wuya, kuma ba ya iya tuɓe rigarsa.

To, mu nan abokin gabanmu zafi ne. Farin gashi gajere mai santsi yana mayar da zafin rana. Kaska ba ta samun maɓoya sosai a cikinsa, ƙarangiya ba ta maƙalewa. Shi ya sa Balami da shanun Gudali suke jin daɗin ƙasarmu. Ku buɗa gashin farar saniya irin ta Bunaji, za ku ga fatar baƙa ce, tana kare ta daga ƙunar rana. Abin mamaki, fatar farin beyar ma baƙa ce. A dazukan kudu kuma, tsando ya fi bin abu mai duhu, don haka ake yi masa tarko da baƙi da shuɗin ƙyalle.

Gashi da fata dukiya ne. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna har Turai saboda kyan fatarta. A 1963 aka buɗe mata gidan kiwo a Maraɗi don kada irin ya lalace.

Ga inda muke kuskure. Babbar salla ta matso, sai mu kai rago mafi kyau kasuwa, mu bar ƙanjamamme mai cukurkuɗaɗɗen gashi yana barbarar tumaki. Kuɗin ya ƙare cikin mako guda, mugun iri ya zauna cikin garke shekaru. Dattawan da suka ga farin 1973 da na 1984 sun san darajar dabba mai jimiri. Manomi ba ya cin irin shukarsa. Ku ware ragon da ya fi lafiya da santsin gashi, ku bar shi don haihuwa. Kafin ku sayo baƙon iri, ku shawarci malamin dabbobi.

Yanzu ku tattauna da malaminku:
1. Wane irin tumaki ya fi jure bazara a garinku?
2. Wane rago kuka bari bana don haihuwa?

Kowa ya rubuta amsarsa da hannunsa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.