Hayar Mai Gadin Intanet a Batsari da Safana: Wa Ke Riƙe da Makulli?

Lokaci kaɗan aka ba ni, don haka kai tsaye zan shiga magana.

Kowa a nan ya san yadda ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023 ya tura ciniki cikin waya da na'urar POS. Yau babban kantin magani, ƙungiyar manoma mai ba da rance, asibiti da sakatariyar ƙaramar hukuma duk suna da kwamfutoci haɗe da intanet. Tsakanin kwamfutocin da duniya ana kafa katangar tsaro, na'urar da ke tace abin da zai shiga da abin da zai fita bisa dokokin da aka rubuta mata. Mai kanti a Safana ba zai iya biyan albashin injiniya don ita kaɗai ba, kuma injiniyan ba zai zauna ba. Ba da aikin haya ga kamfani ya zama dole, ban taɓa musun haka ba. Rigimata da wasu abokan aikina a kan sharuɗɗa take. Su cewa suke a miƙa komai ga kamfanin Legas ko Abuja, a kwanta a yi barci.

To ku tuna Satumbar 2021. A zamanin Gwamna Aminu Bello Masari an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindigar dajin Rugu da kewaye, Batsari da Safana na ciki, aka shafe watanni a haka. Kamfanin da ke kula da katangarka daga nesa, ta wannan layin yake ganin abin da ke faruwa a ofishinka, ta nan kuma yake turo gyara. Ranar da layi ya mutu, ya makance. Wani zai ce ai ɓarawon intanet ma ba shi da hanya. Haka ne, amma aiki bai tsaya ba. Ma'aikacin da dole ya tura rahoto zai ɗauki kwamfuta ya nufi Katsina ko duk inda sabis ya kama, ya jona ta da wayar wani ko intanet ɗin shago, ya dawo da ita ofis. Duk cutar da ta kwaso ta shigo ke nan ta ƙofar gida, katanga na tsaye ba ta sani ba. Ranar da aka maido da layi kuwa, na'urar za ta farka da tsofaffin dokoki na watannin baya. A cikin wannan watan na Satumba ne kamfanin Fortinet mai ƙera katangun tsaro ya tabbatar an fallasa kalmomin sirri na na'urorinsa kusan 87,000 a duniya, ta wata ɓaraka da ya riga ya fitar da maganinta tun 2019, masu na'urorin ne ba su saka ba. Wanda ya rubuta kwantiragi a ofis mai sanyi bai lissafa da katsewar layi, ko ƙona turken sadarwa, ko hanyar da injiniya ke tsoron bi ba. Mu nan kullum da su muke kwana.

Masu cewa babban kamfani ba ya faɗuwa, su tambayi mutanen Suwidin. A Yulin 2021 aka kutsa manhajar Kaseya, wadda kamfanonin kula da kwamfutocin wasu ke aiki da ita, kantunan Coop kusan 800 suka rufe. Wannan ya ishe su amsa.

Doka ma ba ta sauke maka nauyi ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora alhaki a kan wanda ya karɓi bayanan mutane, ta kuma ba shi awa 72 ya sanar da hukumar kare bayanai ta NDPC idan aka yi kutsen da zai iya cutar da su. Ta yaya za ka sanar, alhali bayanan shige da fice na hannun wani?

Abin da na daɗe ina faɗa shi zan maimaita. Babbar kalmar sirri ta na'urar ta zauna a hannun mai kasuwa, a rubuce, a kulle. Ka ɗauki mai gadi, amma makullin sito yana aljihunka. Kwantiragi ya fayyace abin da za a yi idan layi ya katse fiye da kwana uku, kuma a biya da naira, domin lasisin na'urar na shekara da dala ake sayensa, kun ga kuma inda dala ta kai tun Yunin 2023. Kamfani ya ajiye mutum a Katsina ko Dutsin-Ma wanda zai iya isowa da ƙafarsa. Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Kwalejin Hassan Usman Katsina na yaye matasan da za su iya. Ƙananan 'yan kasuwa su haɗu a ƙungiyance su ɗauki kamfani guda, murya ta fi ƙarfi, kuɗi ya fi sauƙi. Shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu kuma, don Allah kafin a sake sayen wata na'ura a kira taron ƙaddamarwa, a fara sa kuɗin sabunta lasisinta na shekara uku a cikin kasafi.