Haɗarin da ke Ɓoye a Tankin Injin Iska

Injin matse iska, wanda masu faci da makanikai ke kira kwamfireso, na'ura ce da ke zuƙo iska ta danne ta cikin tankin ƙarfe, domin a yi amfani da ƙarfinta wajen ba taya iska ko feshin fenti. Mai girka shi a garejin gida ya kamata ya ɗora shi a kan daɓe mai daidaito, nesa kaɗan da bango domin zafinsa ya samu mafita, ya kuma guji doguwar waya siririya, wadda ke rage ƙarfin wuta har injin ya ƙone.

Sai dai babban haɗarin yana cikin tankin ne. Iska tana ɗauke da laima, musamman da damina, kuma idan aka matse ta sai laimar ta zama ruwa ta kwanta a gindin tanki, inda tsatsa ke cin ƙarfen ta ciki alhali bayansa yana sheƙi. Ƙananan injina sukan tara iska har ma'aunin bar 8, wato fiye da ninki uku na ƙarfin iskar tayar ƙaramar mota, saboda haka fashewar ruɓaɓɓen tanki tana iya hallaka mutum. Buɗe ɗan famfon da ke ƙasan tankin bayan kowane aiki, abin da masu injin da yawa ke yi wa sakaci, shi ne ke zubar da ruwan, kamar yadda tsabtace matatar iska ke hana ƙurar hunturu cinye fistan.

Tankin da ya fara yoyo kuwa, ba a kai shi wurin mai walda. Canza shi ake yi.