Masaukin Matafiyi a Bakin Kano



Duk wanda ya taso daga Maraɗi ta Jibiya da Katsina, ko daga Daura ta Kazaure da Dambatta, ya san yadda magariba ke riskar mutum kafin ya shiga Kano. Shawarata ita ce ya yada zango a bakin gari, wajejen Bichi ko Dawanau. Kuɗin ɗaki ya fi sauƙi, ga filin ajiye mota, kuma da asuba sai ya kama hanya kafin cunkoso.

A da, bafatake ba ya wannan tunani. Fatoma ne ke saukar da shi, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya karɓi la'adarsa. Har yau wasu 'yan kasuwar hatsi na Dawanau suna da irin wannan maigida. Wanda ba shi da shi, dole ya bincika da kansa.

Kada fentin bango ya ruɗe ka, malam. Kafin ka biya, ce a nuna maka ɗakin. Murɗa famfo ka ga ko ruwa zai zo. Ɗaga zanin gado ka duba ɗinkin katifa, nan kuɗin cizo ke ɓuya. Tambayi ƙarfe nawa ake kashe janareta, domin a zafin bazara ɗaki ba fanka azaba ne. Idan da iyali kake tafe, tsaya ka kalli masu shiga da fita tukuna.

Sannan ka tabbatar akwai maigadi da ƙofar da ake kullewa, musamman in motarka ɗauke take da buhunan riɗi ko wake.