Jawabin kwamitin gini a taron ƙungiya: yadda ake yin siminti

Dattijai iyayenmu, Allah ya ƙara muku girma. Ƴan'uwa da kuka zo daga Yamai, Kwatano da Abijan, barkanku da sauka.

Kun ɗora mana amanar kuɗin ginin aji biyu na lakkol, kuma kun ji labarin buhunan siminti da suka daskare a zaure. Wasu sun ce ɗan kasuwa ya cuce mu. Bai cuce mu ba. Laifinmu ne, don mun sayi abin da ba mu san halinsa ba. Shi ya sa muka bincika, ga abin da muka samo.

Siminti dutse ne da aka gasa. A Malbaza, tsakanin Ƙonni da Madawa, inda ƙasarmu ta fara yin nata tun shekarun 1960, ana fasa dutsen farar ƙasa, a haɗa shi da yumɓu, dutsen ya fi yawa nesa ba kusa ba, a niƙe su lukui. Sai a zuba garin cikin tanderu. Kar ku ɗauka irin na mai burodi ne. Wani ƙaton bututun ƙarfe ne a kwance, ya ɗan karkata, yana juyawa a hankali dare da rana, wuta tana ci daga bakinsa na ƙasa. Zafin yakan kai digiri 1450, alhali ruwa a 100 yake tafasa. Garin yakan fito dunƙule-dunƙule, baƙi-baƙi, Turawa suna ce masa kilinka. In ya huce sai a sake niƙa shi da ɗan jips, wannan farin dutse mai ƙyalli da mutanen Adar suke tonowa. Aikin jips shi ne ya hana kwaɓi saurin kamawa, ba don shi ba, da magini bai kai ga ɗaukar cokalinsa ba. Daga nan sai buhu, kilo 50, buhu 20 tan guda. Wani magini ɗan Ingila, Joseph Aspdin, shi ya yi rajistar irin wannan siminti a 1824.

To, ga inda muka yi kuskure. Mun saba da laka, wadda rana take busarwa. Siminti ba bushewa yake yi ba. Ruwa yake sha, ya haɗu da shi ya koma dutse, kuma sau ɗaya tak yake yin haka. Mun sayi namu tun bazara don gudun tsada, muka jibge shi a ƙasa, jikin bango. Damina ta zo, raɓa ta shiga, ya yi aikinsa cikin buhu. Ko an daka shi, ƙarfin ya riga ya tafi.

Haka kuma bulo. Wanda aka shanya a rana babu ruwa, ƙishirwa ce take kashe shi, ka murza da hannu ya zube. Sai an yi ta ba shi ruwa safe da yamma kwana 7, kuma sai wajen kwana 28 yake cika ƙarfinsa.

Don haka muna roƙon ƴan bida, kar a ƙara aiko da siminti sai yashi da magini suna wuri. Wanda za a ajiye, a ɗora shi bisa katako, nesa da bango, a rufe, kar ya wuce wata 3. Matasa kuma muna neman mutum huɗu da amalanke don ruwan bulo. Mai so ya ba magatakarda sunansa kafin a tashi.

Wassalam.