Annobar Korona: Wanda Cuta Ta Bari, Yunwa Ba Ta Bar Shi Ba

 

'Yan'uwa matasa, abin da aka ce in yi magana a kai shi ne yadda annoba take kashe aikin yi a ƙasashe irin namu. To ba sai mun je da nisa ba, korona ta ishe mu misali, domin kun ga shekarar 2020 da idonku.

Ranar 30 ga Maris 2020 aka kulle Legas da Abuja, a watan Afrilu kuma aka kulle Kano. Aka ce kowa ya zauna a gida. To ma'aikacin gwamnati ya zauna, albashinsa yana shiga. Amma ɗan dako a Kantin Kwari fa? Mai shayi fa, da mai Keke Napep, da mai wankin hula? Waɗannan sai sun fita suke samu, sai sun samu ake ɗora tukunya. Kuma irinsu ne mafi yawan masu neman abinci a ƙasashe masu tasowa. A Indiya ma haka aka yi, lebarori miliyoyi suka bar birane suka koma ƙauyukansu, da yawansu a ƙafa. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ce sa'o'in aikin da aka rasa a shekarar sun yi daidai da aikin mutum miliyan 255.

Wannan bugun talaka ke nan. Ita ma gwamnati ta sha nata. Nijeriya ta yi kasafin 2020 a kan gangar mai dala 57. Da jirage suka daina tashi, masana'antu suka tsaya, sai farashin ya faɗo ƙasa da dala 20 a Afrilu. Ƙasar da ta jingina da haja ɗaya, ranar da aka daina saye ina za ta dosa? Tsakanin Afrilu da Yuni tattalin arzikinmu ya ragu da kashi 6.1 cikin 100. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a ƙarshen shekarar marasa aiki sun kai kashi 33.3, wato mutum ɗaya cikin uku.

To ku duba bambancin. Amurka ta aika wa yawancin mutanenta dala 1,200 kowanne, su ci suna zaune. Mu kuwa bashin dala biliyan 3.4 aka karɓo daga Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Zambiya ma a Nuwamban shekarar ta kasa biyan masu binta. Kuma bashi, ku sani, ba wanda ya sa hannu ne yake biya ba, ku ne, ta hanyar haraji da tsadar kaya. Kun kuma ga yadda a Oktoba 2020 jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafi a Jos da Legas, alhali tun watanni ana kukan yunwa.

Saboda haka 'yan'uwa, annoba ba ta sallama, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kowa ya koyi sana'a ta biyu. Ku kafa asusu a unguwanninku, ko naira ɗari-ɗari ce duk Juma'a. Ku san gidajen marayu da zawarawa da tsofaffin da ke kusa da ku tun yanzu, domin ranar da aka kulle gari, maƙwabci ne zai fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Allah Ya kiyaye mu.