Kisan Ƙare-Dangi: Abin da Ya Faru a Cikin Aji



Masana da suka nazarci kisan ƙare-dangi sun lura cewa ba da adda ake fara shi ba, da rarrabe mutane ake farawa. A Ruwanda, Turawan Beljiyam suka rubuta ƙabila a katin shaida. Daga baya malamai suka riƙa tayar da yara a aji, Hutu daban, Tutsi daban. Mu da muka tsufa da alli a hannu, wannan ya fi ci mana rai. A 1994 aka hallaka kimanin mutum 800,000 cikin kwana 100.

A 1997 kuwa, mahara suka shiga makarantar Nyange, suka umarci ɗalibai su ware. Yaran suka ce dukkansu 'yan Ruwanda ne. Aka buɗe musu wuta, ba su ware ba.