Sarki Biyu A Gari Ɗaya: Jawabi Kan Tagwayen Manhaja A Cikin Kwamfuta



Da yawa daga cikinmu, in mun ƙare karatu, gida za mu koma aiki, wani Wurno, wani Raba, wani Goronyo ko Giyawa. A can za a damƙa mana kwamfuta mai ɗauke da lissafin albashi, ko rajistar asibiti, ko sunayen manoman rani da ke shan ruwan madatsar Goronyo. Saboda haka ya wajaba mu san wata cuta da kan kama ta a ɓoye.

A tsarin Linux na gidan Red Hat, kowace manhaja a ƙunshe take zuwa, kuma akwai wani kundi da ake kira RPM, mai riƙe da sunan kowane ƙunshi da lambarsa. Idan aka tashi sabuntawa, sai a fara girka sabon ƙunshi, daga baya a kawar da tsohon. Watau sai an naɗa sabon sarki kafin a sallami na da. To, in wuta ta ɗauke a tsakanin nan, sai kundin ya wayi gari da sarki biyu a gari ɗaya. Mu kuwa mun san halin wutar lantarki a garuruwanmu.

Illar ba ta bayyana nan take. Na'ura za ta ci gaba da aiki, alhali kuwa abin da kundi ya rubuta dabam, abin da ke cikinta dabam. Sai ranar da aka zo wata sabuntawar ta cije, ta ce ƙunshi kaza ya ci karo da ɗan'uwansa. Daga nan gyare-gyaren tsaro sun daina shiga, kuma sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga.

Yaya za mu gane su? Tun daga Red Hat na 8, wanda ya fito a 2019, manhajar DNF ce ke kula da wannan aiki. A na 8 da na 9, da danginsu irin su Rocky da AlmaLinux, umurnin dnf repoquery --duplicates shi ke jero tagwayen. Umurnin dnf remove --duplicates kuwa yana cire tsohon, ya sake girka sabon domin ya zauna daram.

Amma fa, jama'a, kama da wane ba ta wane. Kanel, watau zuciyar tsarin, da gangan ake ajiye har guda 3, domin in sabon ya ƙi tashi a koma wa tsohon. Haka nan ƙunshi mai alamar i686 da mai alamar x86_64 suna zama tare lafiya in lambarsu ɗaya ce. Wanda ya share waɗannan da garaje, ya ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba.

Shawararmu uku ce. Kada mu fara sabuntawa sai da batir ko sola mai riƙe wuta. Mu kwafe bayanan ofis a wani wuri tukuna. Mu kuma karanta jerin abin da za a cire kafin mu amince. Albashin malamin firamare na Giyawa amana ce a hannunmu, kuma za a tambaye mu.

Allah ya sa mu dace. Wassalam.